Yadda Raspberry Pi ke ba Arduino umarni ta hanyar siriyal

Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce mai girman katin ATM: tana aiki da Linux, tana hawa intanet kamar wayar hannu. Arduino Uno kuwa ɗan guntun ATmega328P ne ke tafiyar da shi, mai ma'ajiyar aiki ta kilobayit 2 kacal, ko hoto ɗaya na waya ba zai shiga ba. To me zai sa babba ta nemi taimakon ƙarami?

Hankalin Pi a rabe yake tsakanin ayyuka da yawa, kuma ba ta da ƙafar karanta siginar analog. Uno yana da irin waɗannan ƙafafu shida, A0 zuwa A5, kuma aiki ɗaya yake ta maimaitawa ba tare da wani abu ya katse shi ba. Shi ya sa ake raba musu aiki. A tankin ruwa misali, Pi ce za ta karɓi saƙo daga waya, Arduino kuma ya kunna famfo.

Siriyal ita ce hanyar da suke magana: bayanai na bin waya ɗaya bayan ɗaya. Mafi sauƙi shi ne kebul ɗin USB. Da an jona, Uno na asali zai bayyana a Pi da sunan /dev/ttyACM0, kwaikwayonsa mai guntun CH340 kuma ya fito a /dev/ttyUSB0. Daga nan sai a buɗe shi da pyserial a Python, a tura kalma kamar KUNNA, a rufe ta da alamar sabon layi don Arduino ya san saƙo ya ƙare. Dole gudun ɓangarorin biyu ya zo ɗaya. In an sa 9600 a Arduino, wato harafi kusan 960 a daƙiƙa, a sa 9600 a Python, in ba haka ba shirme ne zai fito a allo.

Akwai abin da ke rikita sababbin shiga: duk lokacin da aka buɗe hanyar ta USB, Uno yakan sake tashi daga farko, sai umarnin farko ya ɓace. A jira kamar daƙiƙa 2 kafin a tura komai.

Inda ake asara shi ne haɗa ƙafafu kai tsaye ba tare da USB ba. Ƙafafun Pi volt 3.3 suke ɗauka, Uno kuwa volt 5 yake fitarwa, kuma hakan na iya kashe ƙafar, har ma da allon gaba ɗaya. Wanda ya nace sai ya bi nan, ya jona TX na kowanne da RX na ɗan'uwansa, ya haɗa GND ɗinsu, sannan ya rage wutar da ke zuwa daga Uno da resisto biyu, 1k da 2k. Ga mai koyo dai, kebul ya fi arha a kan sabuwar Pi.

Kuma kada a bar wa Pi shawarar kashe famfo. Tana iya sandarewa, intanet na iya yankewa. A rubuta wa Arduino cewa da na'urar auna ruwa ta nuna tanki ya cika, ko ya daɗe bai ji daga Pi ba, ya kashe famfon da kansa.