Goyon yara a babur: in ƙafa ba ta kai mataki ba, lokaci bai yi ba

Duk wanda ya tsaya bakin titin da ya taso daga Farcha ya ratsa Milezi zuwa cikin N'Djamena, wajen ƙarfe bakwai na safe, ya san abin da nake nufi. Magidanci ne a kan babur, ɗa guda zaune kan tanki, biyu a baya, wani lokaci har da uwarsu da jariri a goye. Zai sauke yara makaranta ya wuce kasuwa. Mu 'yan kasuwa babur shi ne jakinmu, shi ne motarmu, in ba namu ba kuwa sai kalando, wanda a Kano ake kira acaɓa, a Maraɗi kabu-kabu. Ba wanda zai ce mu bar shi. Sai dai ba kowane yaro ne ya isa hawa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato 'ya'yanmu ke nan.

Ma'aunin farko mai sauƙi ne, ba ya buƙatar ko sisi. Ɗora yaro a kujerar baya babur na tsaye. In ƙafafunsa biyu ba su taka mataki daram ba, bai isa goyo ba. Ƙafar da ke lilo wuri biyu take zuwa: ko ta shiga tsakanin wayoyin taya ta kwashe dunduniya, ko ta taɓa salansa ta ƙone. Haka in hannunsa bai iya riƙe ƙugunka da ƙarfi ba, ko kuma yana da halin gyangyaɗi. A zafin watan Afrilu, da rana ke wuce digiri 40, yaron da ya taso makaranta da yunwa barci yake yi nan take, kai kuwa ba ka gani.

Tanki ba wurin zama ba ne. Iyaye na cewa ai gara a gaba, ido na kansa. To amma in ka taka birki da ƙarfi, yaro ne zai fara dukan kan babur, nauyinka kuma ya danne shi ta baya. Ga shi yana tare maka hannu wajen karya kwana, musamman a lungunan unguwa inda yashi ke kwashe taya da rani, laka da damina.

Sai hular kwano. Mutanen N'Djamena ba su manta watan Maris na 2015 ba, lokacin da aka tilasta sa ta, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo, ɗalibai suka fito zanga-zanga, aka rasa rai, har aka rufe makarantu. Tun daga nan wasu ke kallonta kamar harajin 'yan sanda. Amma kwalta ba ta san wannan rigima ba. Kan yaro ya fi na babba girma in aka gwada da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Kada a kifa masa hular babansa: tana da nauyi, tana rufe ido, da an faɗi ita ke fara tashi. A nemo daidai kansa, a ɗaure igiyar haɓa yadda yatsa biyu kawai za su shiga. Masu zuwa sari Kusuri ko Kano, ku sa ta cikin lissafin kaya kamar yadda kuke sa takalmin sallah.

Iyaye mata, a kula da lafaya da dogon hijabi. A tattare gefe a zauna a kai kafin a tashi, don in taya ko sarƙa ta kama, uwa da goyo tare suke sauka. Jariri kuwa babu hular da za ta yi masa. In tafiyar asibiti ce, a daure a shiga tasi ko bas.

Wasu ƙasashen sun sa abin a doka. A Faransa, yaron da bai kai shekara 5 ba sai a kujera ta musamman mai maɗauri. Indiya, inda ake ƙera Boxer da TVS, ta fitar da ƙa'ida a 2022: mai wata 9 zuwa shekara 4 sai da hula da ɗamarar da ke haɗa shi da direba, gudu kuma kada ya wuce kilomita 40 a awa. Mu ba sai mun jira doka ba.

Na san amsar da za a ba ni: Alhaji, yara uku, babur ɗaya, ga kasuwa na jira. Gaskiya ne. Amma sawu biyu ya fi kwana ɗaya a asibiti arha. Tashi da wuri da minti 20, ko maƙwabta ku raba yaran tsakaninku. In kalando ne, a tsayar da mutum guda da aka sani, a gaya masa a fili: yaro ɗaya, ba waya a kunne, ba tsere da manyan motoci. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Allah Ya tsare mana zuri'a.