Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Wani ɗalibina ya tambaye ni, cikin damuwa, ko nazarin manyan birai zai rushe masa imani. Na ce ya fara fahimtar da'awar tukuna. A littafinsa na 1871, Darwin bai ce biri ya haifi mutum ba, cewa ya yi kakansu ɗaya. Masana kuma sun ce kusan kashi 98 cikin ɗari na ƙwayoyin gadonmu sun dace da na birin cimfanzi.

Ni na yi imani Allah ya halicci Annabi Adamu daga yumɓu, kamannin jiki bai girgiza ni ba. Tukwanen magini ɗaya sukan yi kama. Hankali da amana ne suka fifita mu. Gorilar dazukan Kuros Riba, da aka ƙiyasta ba su wuce 300 ba, suna cikin amanar nan.