Tabar Wiwi a Takardar Likita

A watan Yunin 2018, jami'ai a filin jirgin saman Heathrow na Landan suka ƙwace man wiwi daga hannun wata uwa da ta taho da shi daga Kanada domin ɗanta mai fama da matsananciyar farfaɗiya. Ba a yi mako guda ba ciwon ya tashi, aka kwantar da yaron a asibiti, jama'a suka yi wa gwamnati ca. Ministan cikin gida, Sajid Javid, ya ba da izini a mayar da man. Daga 1 ga Nuwamban wannan shekarar, doka ta yarje wa ƙwararrun likitocin Birtaniya su rubuta magungunan da aka sarrafa daga wiwi.

Ganyen yana ɗauke da sinadarai da yawa, amma biyu ne suka yi fice. THC, wanda Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka tace a Isra'ila a 1964, shi ke sa maye. CBD kuwa ba ya bugarwa, kuma da shi aka haɗa Epidiolex, wanda Amurka ta amince da shi a 2018 domin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara. Ruwa ne a kwalba. A auna shi da sirinji gwargwadon nauyin yaro, a ɗura masa a baki, likita kuma yana bibiyar lafiyar hantarsa. Ina wannan, ina naɗin da ake zuƙa a lungu? Tun 1985 ma ake bai wa masu cutar daji ƙwayar dronabinol mai ɗauke da THC, don ta tsayar musu da aman da jinyar ke jawowa.

A batun ciwo mai naci ne maganar ba ta daidaita ba. Wasu masu ciwon jijiya suna samun sauƙi, amma kaɗan, shi ya sa a 2019 hukumar NICE ta Birtaniya ta ƙi ba da shawarar a riƙa rubuta maganin wiwi saboda ciwo. Ga kuma haɗarin taɓin hankali, musamman ga matashin da ya lazimci mai yawan THC.

Ni dai ban ga hujjar barin marar lafiya yana murƙususu ba, alhali akwai maganin da aka gwada aka auna. Lesotho ta fara ba da lasisin noman wiwi don magani a 2017, Maroko ta yi doka a 2021. A Nijeriya haramun ne har yanzu, kuma hukumar NDLEA tana kama mai noma da mai sayarwa.