Malam buɗe littafin da sai da bindiga aka sauko da shi

A ɗakin adana kayan tarihin halittu na birnin Landan akwai wani malam buɗe littafi da har yau ake ganin hujin harsashi a fukafukansa. A shekarar 1906 wani Bature mai suna Albert Meek ya hango shi yana shawagi can saman bishiyoyi a tsibirin New Guinea. Raga ba ta kai wurin ba, sai ya saita bindiga ya harbo shi.

Shekara guda bayan haka Walter Rothschild ya raɗa masa sunan Sarauniya Alexandra, matar Sarki Edward na Bakwai na Ingila. A duk duniya babu malam buɗe littafin da ya kai shi girma. Idan macen ta buɗe fukafukai faɗinsu kan wuce santimita 25, wato ta kusa cika rular 'yan makaranta. Sai dai ba ta da wani ado, launinta ruwan ƙasa ne da ɗigon fari. Namijin ne ɗan ƙwalisa, kore da shuɗi masu sheƙi, amma bai kai ta girma ba.

Ba a samunsa ko'ina sai a lardin Oro na ƙasar Papua New Guinea. Dalili kuwa, tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen wani tsiro mai yaɗo mai guba da ke hawa manyan bishiyoyi. Gubar kan taru a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyale ta. Inda aka sare bishiyoyin, tsiron ya tafi, ƙwaron ma ya bi shi.

A 1951 dutsen Lamington ya yi aman wuta, ya kashe mutane kusan 3,000, ya kuma lalata yanki mai faɗi na dajin. Daga baya gonakin kwakwar manja suka mamaye filayen da ke kewaye da garin Popondetta. Nan ne maganar ta yi wuya, domin manjan nan shi ne hanyar samun kuɗin iyalai da dama.

Yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, amma hakan bai hana 'yan fasa-ƙwauri ba. A 2007 wata kotu a Amurka ta yanke wa ɗan Japan Hisayoshi Kojima ɗaurin wata 21 bayan ya sayar wa jami'in sirri haramtattun ƙwari, ciki har da irin wannan.

A 2017 gwamnati ta ayyana tsaunin Managalas, inda har yanzu ake ganinsa, a matsayin yankin kariya.