Aure ya mutu, sunan miji yana kan kati: ina mafita?

A shirin wannan mako mun ɗauki tambayar wata 'yar kasuwa daga unguwar Kilomita Biyar, wato PK5, a Bangui. Tana sarin atamfa daga Duwala. Aurenta ya mutu, amma katinta na ɗan ƙasa da asusun kuɗinta na waya duk suna ɗauke da sunan tsohon mijin. Ta ce, yaya za ta yi ta koma sunan mahaifinta?

Hajiya, abu na farko, ki kwantar da hankalinki: sunanki bai je ko'ina ba. A al'adarmu, Hausa da Fulani, mace ba ta barin sunan ubanta don ta yi aure, kuma malamai suna kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ahzab kan a jingina kowa ga mahaifinsa. Abin dariya ma, matar da kunya ba ta barin ta ambaci sunan maigida da bakinta, ita ce ke yawo da shi a jaka.

To daga ina aka samo wannan? Daga tsarin ofis na Faransa, wanda Afirka ta Tsakiya da Cadi da Nijar suka gada. Amma ko a Faransar, tun wata doka ta 1794, sunan mutum na haƙiƙa shi ne wanda ke kan takardar haihuwarsa. Na miji aro ne. Shi ya sa za ki ga an rubuta sunanki, sannan kalmar épouse, wato matar wane, ko a sa Madame wane a biyo da née, wato sunan da aka haife ki da shi. Idan aure ya ƙare, aro ya ƙare. Ke nan ba sabon suna za ki nema ba, gyaran takardu za ki yi su dace da takardar haihuwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne: a ina aka ɗaura auren?

Idan a masallaci ko a zaure aka ɗaura, ba a je ofishin magajin gari ba, wanda muke kira meri, to rajistar gwamnati ba ta san da shi ba, aikinki mai sauƙi ne. Ki ɗauki takardar haihuwarki ki nemi sabon kati da sunan da ke cikinta. Ki riƙe takardar saki mai sa hannun shaidu, don wata rana.

Idan kuwa an sa hannu a meri, ku saurara da kyau, maza da mata. Afirka ta Tsakiya tana da dokar iyali tun 1997, kuma auren da aka rubuta a meri alƙalin kotu ne ke raba shi. Ko maigida ya yi saki uku a gaban liman, a littafin gwamnati kina nan matarsa. Sai an je kotu an samo hukuncin rabuwa, an kai meri an rubuta shi a gefen rajistar auren, sannan a cire épouse ɗin. A nan ne mutanenmu suka fi sakaci. Mace ta gama idda, ta yi wani aure, ta haihu, sai ranar rabon gado ko ranar yi wa yaro takarda rigima ta tashi, don a takarda mijinta na fari bai sake ta ba.

Akwai kuma waɗanda takardar haihuwar ce babu. Duk wanda ya zauna PK5 a 2013 da 2014 ya san yadda aka fita, wasu Cadi, wasu Kamaru, da kayan jikinsu kaɗai. 'Yan'uwanmu na ruga kuwa da yawa ba a taɓa yi musu ba. Maganin wannan shi ne hukuncin kotu da ake kira jugement supplétif: ki je da shaidu da suka san haihuwarki da iyayenki, alƙali ya tabbatar, meri ta ba ki takarda. Ki tsaya a kan mai rubutu ya karanta miki abin da ya rubuta. Aissatou da Aïcha suna ɗaya ne a kunnenmu, amma mutum biyu ne a idon jandarma.

Shawarata, kada a yi gaggawa cikin idda, tunda ana biko, ana kome. Amma da ta cika, a bi abin daki-daki: katin ɗan ƙasa tukuna, sai fasfo, sai katin rigakafin shawara, sai layin waya da asusun Orange Money ko na banki, sai takardun rumfa da na haraji. Kada ki gyara ɗaya ki bar ɗaya ki kama hanyar Garoua-Boulaï. Idan takardar kaya ta ce wance matar wane, kati ya ce wance 'yar wane, a shingen duwan na Béloko za ki yini kina bayani, mota ba za ta jira ki ba, kuma kin san abin da irin wannan bayanin ke ci a aljihu. Kafin komai ya daidaita, ki riƙa tafiya da kwafin hukuncin kotu.

Mata makiyaya, saniyar sadaki taki ce, ita da 'ya'yanta. Idan za a sayar ko a rubuta shaidar mallaka a gaban arɗo, a sa sunanki da na mahaifinki.

Masu takardun Najeriya, hanyarku daban ce: can ana rantsuwa a kotu, a buga sanarwar canjin suna a jarida, sannan a je hukumar NIMC da banki a gyara NIN da BVN.

Wani mai sauraro ya tambaya ko yara ma za su canja. A'a, Malam. Yaranka suna nan da sunanka a takardunsu, ko suna hannun uwarsu.