Babi na Bakwai: Taɗiya a Kan Allon Ces

Na gaji da jin ana cewa gambit caca ce. Wai ɗan wasa ya ba da dakarensa kyauta tun farkon wasa, ya koma yana jiran sa'a. Ina! Kalmar ma daga Italiyanci ta fito, gambetto, wato taɗiya irin ta kokawa. Wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya san mai taɗiya yakan ɗan saki jiki ne da gangan, abokin karawa ya afko, sai ƙasa. Gambit ke nan: ka sayar da dakare ɗaya, ka sayi lokaci da buɗaɗɗiyar hanya.

Wasan da nake so mu duba an yi shi a Leningrad a 1960, a gasar zakarun Tarayyar Sobiyet, tsakanin Boris Spassky da David Bronstein. Bronstein ba kanwar lasa ba ne: a 1951 ya yi kunnen doki da zakaran duniya Botvinnik, 12 da 12. Kuma shi kansa masoyin Gambit na Sarki ne, sai ga Spassky ya tare shi da makaminsa tun taku na biyu, f4.

Tsakiyar wasan ba sai na ɓata muku lokaci ba. Mu tsallaka zuwa taku na 15. Dakaren Bronstein ya rarrafo har e2, ya sa wa hasumiyar Spassky wuƙa a wuya. Kowa zai janye ta. Spassky ko kallonta bai yi ba, ya cilla dokinsa d6. Dakaren nan ya ci hasumiya har ya zama sarauniya, aka cinye shi nan take, alhali sauran mayaƙan Spassky sun yi wa sarkin Bronstein zobe. A taku na 23 Bronstein ya miƙa wuya.

Masu bin ƙwaƙƙwafi sukan ce da Bronstein ya ci dokin nan da ya tsira. To, sun gano haka ne a gida, da shayi a gefe, ba agogo na ci a gabansu ba.

Af, ƙarshen wasan nan ne aka kwaikwaya a fim ɗin James Bond na 1963, From Russia with Love, sai dai masu fim sun cire dakaru biyu daga allon. Wannan ganganci har yau yana ba ni haushi.