Takardar Shaida Ga Mai Ajiyar Takardu: Amfaninta Da Tsadarta

Mu da muke koyon aikin malanta, in mun je hutu Unguwar Dosa, ƙannenmu da suka gama makaranta su kan tare mu da maganar aikin ofis. Wani ya kan ce, "Yaya, in na sami aikin ajiyar takardu, lalle ne sai na nemi satifiket na wannan sana'a?" Tun da ya ke gobe almajiranmu ma za su yi mana wannan tambaya, ya kamata mu auna maganar tun yanzu.

Da fari sai mu san nauyin aikin. Mai ajiyar takardu shi ke karɓar kowace wasiƙa, ya ba ta lamba, ya sa ta cikin fayil, ya rubuta wanda ya ɗauka da ran da ya mayar. Shi ya san wadda za a ƙone in wa'adinta ya cika, da wadda za a ajiye har abada. In ya yi sakaci fayil guda ya ɓace, sai tsoho ya yi ta safa da marwa a kan fanshonsa, ko kuwa magada su rasa shaidar filin ubansu. Don gudun irin wannan hasara ne Dokta Kenneth Dike ya binciki tsofaffin takardun Gwamnati, har aka kafa ofishin ajiyarsu a Ibadan cikin 1954, daga baya aka buɗe reshensa nan Kaduna. Gidan Sardauna kuma da ke Hanyar Rabah, cikin 1970 aka mai da shi Arewa House, wurin ajiyar takardun tarihin Arewa.

To, takardar shaidar nan iri biyu ce. Akwai wadda doka ta wajabta. Doka ta 39 ta 1989 ta kafa hukumar da ke yi wa masu ajiyar takardun asibiti rajista, Doka ta 12 ta 1995 kuma ta kafa ta ma'aikatan laburare. Wanda ya nufi aikin asibiti ba shi da zaɓi: sai ya yi karatun, ya ci jarrabawa, ya karɓi lasin, ya riƙa sabunta shi.

Iri na biyu kuwa ganin dama ne. Misalinsa shi ne na wata ƙungiya da aka kafa a Amurka cikin 1975. Jarrabawarta kashi shida ce, ba a kuwa yarda mutum ya shiga sai ya taɓa yin aikin da hannunsa. Bayan ya ci, kowace shekara biyar sai ya nuna ya ƙara karatu na awa 100, in ba haka ba shaidarsa ta faɗi.

Amfanin takardar a fili ya ke. Mai ɗaukar ma'aikata a Ikko ko Abuja bai san ka ba, bai san gidanku ba, takardar ita ce za ta yi magana a madadinka. Karatun jarrabawar kuma ya kan koya wa mutum dalilin abin da da ya ke yi da ka kawai.

Amma fa sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Akwai kuɗin rajista, da na littattafai, da na jarrabawa, da na sabuntawa, na ƙasashen waje kuwa da dala a ke biya, alhali albashin sabon akawu da naira ne, bai kuma taka kara ya karya ba. Ga daren da za a raba ana karatu bayan gajiyar ofis. Banda wannan, jarrabawar waje ba za ta koya maka dokarmu ta ajiyar takardu ta 1992 ba, balle yadda a ke kare fayil daga gara da ƙurar hunturu da laimar damina.

Saboda haka shawararmu ga ƙannenmu ita ce, wadda doka ta wajabta a neme ta tun da wuri, ko da za a tsuke ciki. Ta ganin dama kuwa kada a ci bashi dominta. A fara zama ƙarƙashin tsohon akawu shekara ɗaya ko biyu, a koyi aikin, sa'an nan a roƙi ofis ya taimaka da kuɗin. Ran da mai fansho ya tsaya bakin taga, ba satifiket zai tambaya ba, fayil ɗinsa zai tambaya. Allah ya sa mu riƙe amana.